Sunayen Gwaggo uku da shinkafar gwamnati

Gwaggona sunanta uku. A unguwa sunan rana ake kiranta da shi, don ranar Lahadi aka haife ta. A katin ɗan ƙasa sunanta na yanka ne haɗe da na mahaifinta, wato kakana. A banki kuwa, ranar da matan adashinsu suka ɗunguma aka buɗe musu asusu, sunan mijinta aka jona mata, Allah ya jiƙansa. Ba ma ita ta faɗa ba, ƙawarta ce ta faɗa, tunda Gwaggo ba ta kama sunan miji. Ni dai Gwaggo nake cewa, ita kuma ta ce Babana, don sunan mahaifinta na ci.

Shekara da shekaru sunayen nan suna zaune lafiya da juna, sai da maganar tallafi ta zo.

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a nan cikin Jos, shi ya sa duk wanda ya ji an ce gwamnati za ta raba abinci, wurina yake fara tsayawa. "Malam, a cika min fom ɗin faliyatif." In na ce babu fom, sai a yi min kallon mai ɓoye wa 'yan'uwansa. To wallahi duk rabon da ya taɓa shigowa unguwarmu, ban ga wanda aka nema da fom ba. Suna ake rubutawa, kuma ba kai ke rubuta naka ba.

Mu a garin nan mun ga tallafi da ido tun kafin ya shiga bakinmu. Wanda yake Jos a Oktoban 2020 ba zai manta ranar da jama'a suka fasa rumbun ajiya na Bukuru ba, mutane birjik a kan rufi suna ɓamɓare kwano suna jefo buhuna. Hoton ya zaga duniya. Da yamma wani yaron maƙwabta ya turo wa Gwaggo rabin buhun masara a baro, ta ce ya koma da abinsa, ita ba ta cin kayan wawaso. Na ce, "Gwaggo, ai don irinku aka kawo." Ta ce, "To su ba ni da hannunsu mana."

Sai da aka shekara uku kafin su ba ta da hannunsu.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Gwaggo mai masa ce (a nan masa muke cewa, Kanawa su riƙe wainarsu), kuma babu abin da ke shiga tanda da bai hau mota ba: shinkafar tuwo, man gyaɗa, itace, har niƙa, tunda injin ma mai yake sha. Daga mudu biyar ta koma uku, ta koma biyu, wata safiya na je gaishe ta na tarar ta kife tandar a bayan ƙyaure. Ga jikoki uku marayu a gabanta, da uwarsu.

A watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, da tirela biyar-biyar ta shinkafa. A rediyo abin da daɗin ji. Ni da nake zaune da kalkuleta a shago sai na buga: tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka na kilo 50, biyar ke nan buhu 3,000. Filato ƙananan hukumomi 17 gare ta. In aka raba daidai, kowace ba ta kai buhu 180 ba, sannan a gangaro mazaɓa, a gangaro unguwa. Tun daga nan na daina sa rai da buhu, na koma lissafin mudu.

Mai unguwarmu ya zauna da liman da shugabar mata da wasu dattawa biyu, aka ba wani yaro littafin makaranta mai ganye arba'in ya riƙa rubutawa. Aka ce a fara da matan da mazansu suka rasu, da masu riƙon marayu, da tsofaffin da ba su da mai yi musu. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a tuna da Gwaggo." Ya ce, "Haba Malam, ai ita ce ta uku a littafin." Na yi godiya na tashi. Ban tambayi da wane suna aka rubuta ta ba.

Ranar rabo muka isa filin firamare bayan sallar asuba, cikin sanyin nan na Jos da ba ruwansa da damina ko hunturu. Mata sun jeru a gindin katanga, kowacce ta dunƙule cikin hijabi, da ledarta ko ɗan buhunta a ninke a hammata. Sai wajen goma motar ta iso. Mai kiran suna ya hau benci, ya kira na farko, ya kira na biyu, ya kira sunan ranar Gwaggo. Mata huɗu suka miƙe.

Wuri ya kaure. Kowacce ta rantse ita ce, kuma babu mai ƙarya a cikinsu, duk ranar Lahadin aka haife su. Gwaggo kuwa da ta ga an fara cacar baki sai ta koma ta zauna, ta ce ba za ta yi faɗa a kan abinci a gaban jikokin mutane ba. Sai da na kutsa na samo mai unguwa, ya ɗaga murya ya ce, "Mai masa ta layin masallaci nake nufi." Sauran ukun ɗaya ce kawai sunanta ya fito daga baya. Biyun haka suka naɗe ledarsu suka tafi, kuma har yau in muka haɗu da ɗaya daga cikinsu a hanya sai in ji kamar ni na ƙwace mata.

Buhu ɗaya mai kilo 25 aka haɗa su su biyar. Nan na ga shari'a. Aka aro kwanon awo a gidan da ke kallon makarantar, aka shimfiɗa zani, aka fara gardamar ko a shafe bakin kwanon ko a bar shi ya yi tudu. Wata tsohuwa da ba ta cikin rabon aka naɗa alƙaliya. Kowacce ta tashi da mudu uku, ragowar aka bi su da ita tafi-tafi, ɗan abin da ya maƙale a kusurwar buhu aka zazzage wa alƙaliya. Muna isa gida Gwaggo ta cika ƙaramin kwano ta aika wa maƙwabciyarta da ba a rubuta ba. Abin da ya rage kwana huɗu ya yi musu.

Ba na raina mudu uku. Wanda bai taɓa kwana yana jin yaro na juyi da yunwa ba ne yake cewa me mudu uku zai yi. Kuma na daina zagin masu unguwa a dunƙule, duk da na san akwai waɗanda gidansu ke fara ƙoshi. Namu kati talatin aka danƙa masa, a unguwar da gidajenta ɗaruruwa ne. Ko wa ya rubuta, ya yi wa wani laifi. Da aka sake sanar da tirela ashirin-ashirin a Yulin 2024, da kansa ya ce a fara da waɗanda ba su samu ba a karon farko, Gwaggo ba ta shiga ba, ba ta kuma ce uffan ba.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ba mu wuya. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shirin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. Wannan ba ya bi ta littafin mai unguwa. Akwai kundin rajistar marasa ƙarfi na ƙasa da aka fara haɗawa tun zamanin Buhari, lokacin da ake biyan naira 5,000 a wata, daga cikinsa ake ɗauka. Shi ma ba zuwa kake ka nema ba. Jama'ar wuri ake tarawa su fitar da gidajen da suka fi shan wahala, sannan ma'aikata su bi gida-gida da tambayoyi.

Ina nan ranar da suka zo wa Gwaggo, samari biyu da budurwa, da babbar waya a hannu. Ɗaki nawa ne, rufin kwano ne ko me, ina kuke ɗebo ruwa, da me kuke girki, yara nawa ke makaranta. Da aka zo kan sau nawa ake ci a rana, Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Alhamdulillahi, sau uku." Ƙaramin jikanta da ke laɓe a bakin ƙofa ya ce, "Kaka, yaushe?" Hararar da ta watsa masa ta isa ta dafa ƙwai. Budurwar ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ta sake tambayar a hankali, ta wata fuska. Na sha tunanin gidaje nawa ne kunya ta cire su daga kundin nan, don mu an raine mu a kan cewa talauci ba a tallarsa.

A Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen, da aka dawo kuma aka ce sai an tantance kowa da lambar NIN, wato ta katin ɗan ƙasa, kuɗin kuma ta asusu zai shigo. Aka karɓi lambobin Gwaggo. Wata ya wuce, wani ya bi, matan layinsu biyu suka ga alat, ita shiru. Wani jami'i mai kirki ne ya duba mana ya ce, "Sunan Mama na kati daban, na banki daban. Na'ura gani take mutum biyu ne." Ana wata ga wata: layin da ke wayarta da sunan ɗanta da ke ci-rani a Legas aka yi masa rajista, kuma an rufe shi lokacin da ake toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba. Ko da kuɗin ya shigo, babu inda saƙo zai faɗo.

Muka ɗauki hanya. Sabon layi da sunanta. Takardar rantsuwa a kotu cewa mai wannan suna da mai wancan mace ɗaya ce. Sanarwa a jarida. Hoton fasfo. Banki sau uku: ranar farko babu netwok, ta biyu wanda zai sa hannu ba ya nan, ta uku kuma na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi Gwaggo. Shekara talatin na juya masa a bakin wuta da wanke-wanke sun shafe zanen yatsunta sumul. Yarinyar da ke kan teburin ta ce, "Mama, ki goga yatsan a goshinki." Ta goga, aka danna, ja. Ta sake, ja. Sai a ƙaramin yatsan hagu, wanda bai cika taɓa tanda ba, fitilar ta yi kore. Gwaggo ta dubi yatsan ta ce, "Ashe malalacin ne zai yi rana."

Da na haɗa kuɗin kotu da jarida da hoto da keke, naira 11,000 da 'yan kai ne, ban sa safiya ukun da na rufe shago ba. Ni na biya. Abin da ke ci min rai shi ne, layin nan na banki cike yake da tsofaffi irinta, kuma ba kowacce ke da ɗan ɗan'uwa mai shagon takardu ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo min uwarsa ko kakarsa, kafin komai sai na ce a ajiye takardar NIN kusa da ta banki mu karanta harafi-harafi. Wanda ya manta lambarsa, *346# na fito da NIN, *565*0# na fito da BVN, wato lambar shaida ta banki, amma sai a layin da aka yi rajistar da shi. Saƙonnin WhatsApp masu cewa danna nan ka cika fom ɗin tallafi kuwa, wani mai shayi a layinmu ya danna, aka kira shi aka ce ya karanto lambar da ta shigo wayarsa, kafin ya tafasa ruwa an share asusun.

Shinkafar naira 40,000 da aka fara sayarwa a Abuja a Satumban 2024, buhu ɗaya ga mai NIN ɗaya, ko maganarta ban yi wa Gwaggo ba. Wanda yake da dubu arba'in a dunƙule ba shi ne yake kife tanda ba. Tun kuma da mutum goma suka rasu a turmutsitsin rabon abinci a wata coci a Maitama a Disambar shekarar, na ce ta gama bin layin asuba. In da rabo, ni zan tsaya mata.

Alat ɗin da daddare ya shigo, jikanta ya rugo har gida ba takalmi. Naira 25,000. Mai POS ya cire 500 nasa. Washegari muka shiga kasuwar Katako, ni a raina masara za mu auna da wake, tunda kuɗin abinci ne. Gwaggo ta wuce kai tsaye wurin masu shinkafar tuwo ta ce a auna mudu huɗu. Ta sayi man gyaɗa kwalba biyu, da yis, ta ware na itace da na niƙa, ɗan abin da ya saura ne ta yarda aka sayi masara. Na ce, "Gwaggo, wannan fa na ci ne aka ba ki." Ta ce, "Babana, tuwo ci ake ya ƙare, tanda kuwa haihuwa take." Ban ƙara magana ba, na ɗauki kaya.

Ta koma mudu uku a rana yanzu, ranar Juma'a huɗu. Kashi na biyu na kuɗin muna nan muna jira. Na rubuta mata sunan da ya zama na hukuma a 'yar takarda, na manne a bayan wayar da salatif, don in an tambaye ta ta nuna kawai, tunda har gobe in aka kira shi waige-waige take ta ga da wa ake.

Duk saƙon da ya shigo kuwa sai ta taka har shago. Jiya ma ta zo wajen sha ɗaya, waya a hannu ɗaya, masa biyar a leda a ɗayan, da ɗan yaji a ƙulle.

"Babana, duba min, ta yi ƙara."

Na duba. Kamfanin layi ne, wai ta sayi data a ba ta garaɓasa.

"Ba su ba ne, Gwaggo."

"To. Ci masarka kar ta huce."