Abin da duhu ke yi wa kurma

Koyarwa a makarantar kurame a Bauchi ta nuna mini cewa ba ji kaɗai wasu yaranmu suka rasa ba. Akwai waɗanda da rana za su buga ƙwallo lafiya lau, amma da an ɗauke wuta a ɗakin kwana sai ka ga suna tangaɗi, suna laluben bango.

Dalilin yana can ƙuryar kunne. Dab da sashen da ke ji akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi. Su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya ko ya karkata, kuma jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙonsu tare da na ji. Shi ya sa ciwon da ya ci ɗaya yakan taɓa ɗayan. Sanƙarau na yin haka, kuma a nan Arewa mun san shi, ko ba komai annobar 1996 ba ta gushe a zukatan manya ba. Allurar gentamicin da streptomycin ma suna iya lalata wannan wuri, musamman in an yi su barkatai a kemis ba tare da likita ba.

Tsayuwar mutum kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu: ido, kunne, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Yaron da ya rasa na kunne da biyu yake lallaɓawa. In dare ya rufe masa ido, saura ɗaya. Kuma duhun nan shi ke hana shi maganar hannu, ba ya ma iya gaya maka abin da ke damunsa. Wannan ya fi komai taɓa mini zuciya.

Wata uwa ta taɓa ce mini, "Malam, iska ce, ka ga yadda yake faɗuwa." Na ce, "Hajiya, a yi addu'a, amma a kai shi wajen likitan kunne." Ba na raina tsoronta. Wanda bai taɓa ganin hajijiya mai tsanani ba, da amai da gumi, zai iya zaton komai. Akwai ma ciwon da ke haɗa jiri na sa'o'i da ƙara a kunne da jin da ke raguwa yana dawowa, wanda likitan Faransa Prosper Ménière ya bayyana a 1861. Manya ya fi kamawa.

Yanzu ina nacewa a bar fitila mai caji a hanyar banɗaki, kowane yaro kuma ya riƙe tocila. Ina roƙon iyaye kada su bar irin waɗannan yara su yi nutso a rafi ko kududdufi da damina, domin a ƙarƙashin ruwa ba sa gane sama da ƙasa. Jaririn da ba ya ji, ya kuma wuce wata 18 bai fara tafiya ba, a daina ce masa malalaci, a kai shi a duba kunnensa.