Talata a Saigon: burodi da romon taliya a layin Nguyen An Ninh

Talata. Ruwa ya sauko da hantsi kamar da bakin ƙwarya, ya yi sa'a guda ya ɗauke, yadda ya saba a wannan gari na kudancin Biyetnam daga Mayu zuwa Nuwamba. Masu sayen ɗanyen kashu sun ɗage zamanmu zuwa la'asar, don haka bayan azahar a masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935, na taka zuwa layin Nguyen An Ninh neman abin ci. Layin gajere ne, yana kallon ƙofar yamma ta kasuwar Ben Thanh, kuma 'yan Maleshiya masu sarin hijabi da dogayen riguna ne suka raya shi. Saboda su ne ake samun shagunan abincin halal jere a wurin.

Shagon da na shiga na Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, waɗanda da yawansu daga yankin An Giang suke, kusa da iyakar Kambodiya. Faɗinsa bai fi mita huɗu ba, sai dai tsawo. Akwatin gilashi na burodi a bakin ƙofa, tukunyar romo a gefensa, tebura na ƙarfe a ciki da kujerun roba. Abu biyu ne jigon cinikinsu: banh mi, wato burodi mai haɗi a ciki, da pho, taliyar shinkafa cikin romon naman sa.

Maganar halal ita ce farko, domin nan ne baƙo Musulmi yake zamewa. A shagon da ba na Musulmi ba, banh mi na gargajiya kusan duk abin da ke cikinsa na alade ne: markaɗaɗɗiyar hantar da ake shafawa, yankakken naman da aka dafa a ganyen ayaba, har da busasshen naman da ake barbaɗawa a kai. Cewa a cire naman ba ya wadatarwa, don wuƙa ɗaya ce, kuma hantar ake fara shafawa tun kafin mutum ya buɗe baki. A ɓangaren taliya kuma, hu tieu romonsa na ƙashin alade ne, bun bo Hue ko da yake da naman sa ake tallarsa yana zuwa da ƙafar alade da daskararren jini. Ko pho ɗin kansa, wasu masu dafawa suna jefa ƙashin alade a tukunya don ya fi araha kuma yana ƙara zaƙi, ga kuma batun yanka. A wannan shagon hantar ta kaza ce, naman kuma na sa ne da kaza.

Na fara da burodin. Tsawonsa kamar taƙi guda, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ɓawonsa siriri ne mai ƙaras-ƙaras, cikinsa kuwa kusan iska ce. Ana samun haka ne ta hanyar buga ƙullun sosai, a bar shi ya tashi matuƙa, a gasa da wuta mai ƙarfi tare da fesa ruwa a tanda don tururi ya hana ɓawon yin kauri da wuri. Faransawa ne suka kawo burodinsu bayan sun kama Saigon a 1859, mutanen gari suka rage masa nauyi da tsawo, sannan a ƙarshen shekarun 1950 aka fara cusa haɗin a cikinsa don a ci a tafe. Raunin wannan burodi shi ne ba ya jure danshi. A damina irin wannan, sa'a biyu a waje ta isa ta mai da ɓawon jemammiyar fata. Shi ya sa mai shagon take ajiye shi a wani ɗan akwati mai garwashi a ƙasa, ta ɗumama kowanne minti ɗaya ko biyu kafin ta tsaga. Duk shagon da ya miƙo burodi da sanyinsa, a nemi wani.

Haɗin yana da tsari, kuma kowane mataki da dalilinsa. Tana tsaga shi ta gefe ɗaya ba tare da ta raba shi biyu ba. Fuska ɗaya ta shafa hanta, ɗayar ta shafa bama ta gida, wadda gwaiduwar ƙwai ce da mai kawai. Maiƙon nan shi ke tare ruwan sauran kayan kada ya jiƙa burodin. Sai nama, sai kokwamba da aka yanka a tsaye, sai karas da farin radish (wata saiwa mai kama da karas) masu tsami, sai ganyen koriyanda da itacensa, sai ɗanyen barkono yanka biyu ko uku, daga ƙarshe ɗigon Maggi na ruwa da barbaɗin masoro. Duka bai kai minti ɗaya ba. Barkonon ƙanana ne amma ba su da wasa. Wanda bai saba ba ya buɗe ya duba inda suke kafin ya gatsa.

Karas da radish ɗin su ne ke riƙe da ɗanɗanon, don su ke yanke maiƙon hanta da bama. Yin su ba wuya. A yanka rabin kilo siri-siri, a murza da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari minti goma sha biyar har ya yi laushin da za a lanƙwasa bai karye ba, a wanke a matse. Sai a zuba kofi ɗaya na ruwan khal, kofi ɗaya na ruwa, rabin kofi na sukari. Bayan sa'a guda ya ciwu. Wanda ya tsallake murzawa da gishiri, ruwan radish ɗin zai tsinka haɗin ya bar shi salam. Warin da ke tashi in an buɗe kwalbar bayan kwana biyu kuma na radish ne, ba lalacewa ba ce.

Pho ɗin ya fi cin hankali. Romon da aka zubo mini garau yake, ana hango taliyar a ƙasan kwano, da 'yan idanun mai a sama. Kafin a kai ga haka akwai aiki. Ana fara tafasa ƙashin sa, musamman na ƙafa mai ɓargo da na gaɓa, minti biyar zuwa goma, a zubar da ruwan gaba ɗaya, a wanke ƙashin da tukunyar. Wannan ruwan farko shi ke ɗauke jini da ƙarni. Sai a mayar da sabon ruwa, kamar lita biyar ga kilo biyu na ƙashi, a rage wuta ta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ba tafasa ba, a bar tukunyar a buɗe ana kwashe kumfa, sa'a shida zuwa takwas. Tafasa mai ƙarfi tana dama kitse da ruwa, romon ya yi fari ya yi nauyi, kuma ba ya gyaruwa. Albasa biyu da citta ɗanya mai girman tafin yaro ana gasa su a kan wuta har bayansu ya ƙone, a kankare baƙin kafin a jefa. In an bar baƙin, ɗaci da duhu za su shiga. Kayan ƙamshi kuwa kaɗan ne: sandar kirfa ɗaya, kanumfari huɗu ko biyar, 'ya'yan koriyanda, da wani ɗan itace mai siffar tauraro da suke kira hoi, kamar guda biyar. Ana soya su a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, a ƙulle a ƙyalle, a saka a sa'ar ƙarshe. In sun daɗe a ciki romon sai ya koma ɗanɗanon magani. Kanumfari ne ya fi saurin yin wannan ɓarna.

Gishirin romon rabinsa daga nuoc mam yake, ruwan ƙananan kifi da aka jera da gishiri a manyan gangunan katako, kashi uku na kifi kashi ɗaya na gishiri, aka bari kusan shekara. Na tsibirin Phu Quoc ne ya fi suna. Aikinsa aikin daddawa ne a miyarmu: a kwalba wari, a tukunya daɗi. Ana zuba shi can ƙarshe tare da ɗan dunƙulen sukari, domin in ya daɗe a wuta yana tsami.

Bayan duk wannan jira, haɗa kwanon ba ya kai minti ɗaya. Taliyar ɗanya ce mai laushi, ana tsoma ta a tafasasshen ruwa cikin ɗan kwandon waya daƙiƙa goma zuwa ashirin, a girgije, a juye a kwanon da aka ɗumama. Nama ana zaɓa: tai shi ne ɗanye da aka yanka kamar takarda, wanda zafin romon ne ke dafa shi a kwano, chin dafaffe ne, akwai gau mai kitse, da jijiya, da tumbi, da ƙwallon nama. Na ɗauki tai da jijiya. A nan dole romon ya fito daga tukunya yana tafasa, in ba haka ba naman zai zauna ja, ruwan ya yi jini-jini. Wanda cikinsa ba ya son kasada ya ce chin ya huta.

Farantin ganye yana zuwa daban: ɗoɗɗoya irin tasu, wani dogon ganye mai baki kamar zarto, tsiron wake, lemon tsami da barkono. Wannan al'adar kudu ce. Pho daga arewa ya fito, wajen Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20, kuma can har yau albasa mai ganye suka fi sawa, romon ba zaƙi. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, mutane kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa kudu da tukwanensu, Saigon kuma ta ƙara sukari da ganye da miya kala biyu, baƙa mai zaƙi da ja mai yaji. A ganina ganyen ƙari ne mai kyau, miyar kuwa bai kamata ta shiga kwano ba. A kurɓi romon tukuna yadda yake. A tsinka ganye da hannu a zuba kaɗan-kaɗan, don in an juye shi duka zai huce romon kuma ya yi baƙi. Tsiron waken ma haka, ana iya cewa a tsoma shi a ruwan zafi kafin a kawo. Miyar biyu a matsa su a ɗan faranti a riƙa dangwala nama. Tebur na kusa da ni wani ya matse baƙar miyar har romon ya koma ruwan kwata, aikin sa'a takwas ya tafi a banza.

Tsinkayen cin abinci a dama, cokali a hagu, haka suke yi. Mai kiyaye ci da dama sai ya riƙa musanyawa, ko ya nemi cokali mai yatsu, ba wanda zai kalle shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne jinkiri. Taliyar shinkafa tana shan ruwa tana kumbura, bayan minti goma ta fara yankewa, kitsen kuma ya fara kama leɓe. Wanda ya yi odar duka biyun ya ce a kawo burodin tukuna, a jinkirta kwanon, don kowannensu ba ya jiran ɗan'uwansa.

Na rufe da gahawa mai ƙanƙara. Tana ɗiga ne daga wata 'yar matatar ƙarfe da ake ɗorawa a bakin kofi, minti huɗu ko biyar, a kan madarar gwangwani mai kauri. Irin robusta ce, mai ɗaci da ƙarfi, wadda ta sa Biyetnam ta zama ta biyu a duniya wajen noman gahawa bayan Barazil. Kofi ɗaya ya isa. Na biyu zai hana barci.

Wajen biya ba a jiran a kawo takarda. Ana ɗaga murya ne a ce "chi oi" ga macen da ta girme ka, "em oi" ga wanda ka girma, sannan "tinh tien", wato a yi lissafi. Jiƙaƙƙen tsumman goge hannu da ke cikin leda a tebur ba kyauta ba ne, ana ƙara kuɗinsa in an buɗe. A layin nan farashi ya fi na unguwanni saboda baƙi da tsadar naman halal. A kula da takardun kuɗin kuma: ta dong (kuɗin ƙasar) 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, a cikin shago mai ƙarancin haske sai an ƙirga sifilin. Na sa an ƙulla wa abokin tafiyata kwano ɗaya, romo a leda daban, taliya da nama daban, ganye daban, da sharaɗin ya sake tafasa romon kafin ya zuba.