Facin da ya ƙi kama wasana na PSP

PSP-3000, na'urar wasan bidiyo ta hannu da nake amfani da ita a nan Jos, ta daɗe a hannuna, kuma har yanzu ita nake ɗauka idan sanyin Disamba ya hana ni fita da daddare. Kamfanin Sony ya fitar da PSP ta farko a Japan a 2004, sabuntawa ta ƙarshe da ya yi wa manhajarta kuwa ita ce 6.61 a 2015. A kan wannan lambar na ɗora manhajar da masu sha'awa suka sauya, wadda muke kira CFW, domin ita ce ke ba na'urar damar karanta wasa daga katin ajiya maimakon UMD, ƙaramin faifan da ake sayar da wasannin PSP a kansa.

Abin da ya kai ni ga faci shi ne wani wasa da aka sayar a Japan kaɗai, wanda wasu masu kishinsa suka fassara zuwa Turanci suka rarraba fassarar kyauta. Ba wasan suke bayarwa ba. Faci suke bayarwa, wato ɗan ƙaramin fayil na manhajar yin faci mai suna xdelta, da ke ɗauke da bambancin da ke tsakanin wasan asali da wanda aka fassara, saboda haka dole mutum ya tanadi nasa kwafin. Ni na kwafi nawa daga faifan da na saya, ta hanyar danna SELECT a babban shafin na'urar, in mayar da USB ya riƙa nuna faifan UMD, sannan in jawo fayil ɗin ISO, wato cikakken kwafin faifan, zuwa kwamfuta.

Sau uku ina gwada facin yana ƙin kamawa, har na fara zargin waɗanda suka haɗa shi. Daga baya na gano cewa tun farko na matse wasan zuwa CSO don in sami wuri a katina, na kuma goge ISO ɗin asali. Faci irin wannan an yanka shi ne daidai da fayil guda ɗaya tak, kamar yadda tela ke yanka ƙyalle daidai da yagar riga, kuma idan fayil ɗin ya sauya ko da kaɗan ne, xdelta zai ce lissafin tantancewa bai zo daidai ba, ya tsaya.

Wannan ne ya sa nake ganin duba fayil kafin a taɓa shi ya fi yin facin kansa muhimmanci. Masu fassara na kirki sukan rubuta lambar tantancewa, MD5 ko CRC32, ta fayil ɗin da suka yi aiki a kansa, kuma kwatanta ta da taka ba ya cin minti biyu. Haka nan lambar da ke jikin kwalin wasan tana faɗin yankinsa: ULUS na Amurka ne, ULES na Turai, ULJM na Japan. Suna ɗaya ne a bango, amma cikin ya bambanta, kuma facin ɗaya ba zai hau ɗayan ba.

Na sake kwafar faifan, na ajiye kwafi guda da ba zan taɓa ba, na yi facin a kan na biyu, na saka shi a cikin jakar ISO ta katin. Da na kunna wasan a daren nan, rubutun farko ya fito da Turanci, na karanta sunan jarumin da na shekara ina kallo ban iya furtawa ba.