Kwandon da Aka Sa a Bayan Gilashi

Wanda ya ga kwandon Jeremy Frey daga nesa zai rantse tukunyar tangaran ce. Sai ya matso kusa zai gane itace ne aka tsaga siri-siri aka saƙa, saƙar ta matse har ba a ganin inda tsinke ya fara. Frey ɗan ƙabilar Passamaquoddy ne, ɗaya daga cikin al'ummomin Wabanaki na jihar Maine a Amurka da gabashin Kanada, tare da Penobscot, Maliseet, Mi'kmaq da Abenaki. A 2024 gidan baje kayan fasaha na birnin Portland da ke Maine ya ware masa nuni shi kaɗai, daga nan aka kai kayan Chicago. Ni da na tashi ina ganin kwando abin zuba tumatir ne, ban taɓa zaton zan zauna ina ƙare wa wani kallo haka ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne wahalar da ake sha kafin a fara saƙar. Masaƙi kan shiga fadama neman bishiyar da suke kira ash baƙa, kuma ba kowace ce ke yi ba, sai miƙaƙƙiya marar gaɓoɓi. A sare ta, a ɓare ɓawon, sannan a yi ta dukan gungumen da bayan gatari daga wannan kai zuwa wancan, har naman itacen ya saki, tsiron kowace shekara ya ɗago da kansa kamar ɗamara. Shi ake sake rabawa, a kankare da wuƙa, a ja ta cikin wani ƙarfe mai haƙora ya fito daidai wa daida. Bakin kwandon kuma a naɗe shi da kitson wata ciyawa mai ƙamshi da ake tsinkowa a bakin teku.

Kakannin Wabanaki ba don nuni suka yi saƙa ba. Sun yi manyan kwandunan kwasar dankalin turawa a gonakin yankin Aroostook na arewacin Maine, da na goyo a baya don shiga daji. A ƙarni na 19 suka fara yin ƙanana masu ado, wasu da siffar masara, suna sayar wa masu zuwa hutu garin Bar Harbor na bakin teku a kan kuɗi kaɗan. A ganina hannun da ya saƙa kwandon dankali bai gaza na yau ba, masu saye ne dai suka makara wajen buɗe ido.

Sana'ar ta kusa mutuwa. Lokacin da aka kafa ƙungiyar masaƙan kwando ta Maine a 1993, da Theresa Secord a kan gaba, yawancin masaƙan tsofaffi ne. Suka ɗauki yara suna koya musu. Masaƙiya Molly Neptune Parker ta samu lambar girmamawa ta ƙasa a 2012, Frey kuma, wanda ya koya a wurin mahaifiyarsa, ya ci babbar kyautar kasuwar fasaha ta Santa Fe a 2011.

Sai ga wani ƙwaro kore daga Asiya. An fara ganinsa a Michigan a 2002, ya iso Maine a 2018. Tsutsarsa na cin ƙarƙashin ɓawo har bishiyar ash ta bushe, kuma ya kashe miliyoyi. Ga Wabanaki abin ya wuce asarar kayan aiki, domin a labarinsu na asali gwarzonsu Gluskabe ne ya harbi wannan bishiya da kibiya mutane suka fito daga cikinta. Yanzu masaƙa da masana daji na Jami'ar Maine suna tara irinta suna adanawa, jihar kuma ta hana shigo da itacen girkin da ba a kashe ƙwarinsa da zafi ba daga wasu jihohi, domin a cikinsa ƙwaron ke yin tafiya.