Bin sawun mutanen Warhol a New York

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4 na hau daga Bronx, inda na sauka a gidan kawuna. Da na gaya masa inda za ni, sai ya yi mini kallon sama da ƙasa. "Duk faɗin garin nan ka rasa abin kallo sai kufan 'yan fim?" Na ce, "Kawu, ai waƙa ce ta aike ni."

Waƙar ita ce "Walk on the Wild Side" ta Lou Reed, ta shekarar 1972. Baiti biyar ne, kowanne da mutuminsa: Holly Woodlawn, Candy Darling, Joe Dallesandro, Joe Campbell da Jackie Curtis. Duka sun yi zaman dandalin mai zane kuma mai shirya fina-finai Andy Warhol, wanda ake kira Factory. Mu da muka tashi muna jin makaɗa na ambaton direbobi da 'yan kasuwa, mun san waƙa kan riƙe sunan da duniya ta so mantawa.

Na sauka a tashar Grand Central, na taka zuwa titi na 47, kusa da Majalisar Ɗinkin Duniya. A lamba 231 Factory ta farko take, wadda abokin aikin Warhol, Billy Name, ya lulluɓe bangonta da takardar gwangwani da fenti ruwan azurfa. An rushe ginin tuntuni. Ba abin da na tarar sai dogayen benaye da ma'aikata masu sauri da kofin shayi a hannu. Ban daɗe ba.

Union Square ce ta biya ni wahalata. Ranar kasuwar manoma ce, ga tuffa ga zuma ga burodi, na kutsa ta cikinsu har gaban lamba 33. Siririn gini ne dogo, da ado a goshinsa irin na ginin Larabawa, sai ka ɗaga kai sosai za ka lura. Nan Warhol ya dawo a 1968, nan kuma wata marubuciya, Valerie Solanas, ta harbe shi ranar 3 ga Yuni na shekarar, ya sha da ƙyar. Daga nan ƙofar da kowane ɗan tasha ke shiga ba sallama ta fara rufuwa.

Taku kaɗan ne zuwa 213 Park Avenue South, inda gidan rawa na Max's Kansas City yake kafin a rufe shi a 1981. A ɗakinsa na baya Candy ke zama ana kallonta, ita da ta baro Long Island da burin zama tauraruwar Hollywood. An haife ta namiji, kamar Holly, ta rayu a matsayin mace, a zamanin da 'yan sanda kan kama mutum saboda kayan jikinsa. Cutar daji ta kashe ta a 1974, tana da shekara 29. Ƙwaya ta tafi da Jackie a 1985.

Holly ce ta fi tsaya mini a rai. Daga Miami ta taho tana roƙon motocin hanya. Rawar da ta taka a fim ɗin Trash na 1970, wanda Warhol ya ɗauki nauyinsa, ta sa babban darakta George Cukor ya nemi a saka ta takarar Oscar, abin bai yiwu ba. Ladanta a fim ɗin kuwa dala 25 ne a yini. A ganina Warhol ya iya gano mutane, biyansu ne bai iya ba.

Ƙafa ta gaji kafin na kai otal ɗin Chelsea a titi na 23, inda aka ɗauki fim ɗin Warhol mai suna Chelsea Girls a 1966. Da, matattarar masu zane da mawaƙa ce, wasu ma da zane suke biyan haya. An gyara shi an sake buɗewa a 2022, yanzu sai mai hannu da shuni. A shekarar ce kuma aka yi gwanjon wani zanen tauraruwar fim Marilyn Monroe da Warhol ya yi a 1964, aka saye shi dala miliyan 195.