Rawanin Buzu da tsoron yarinta

A unguwarmu ta Mokoyo, cikin garin Maraɗi, in yaro ya ƙi cin tuwo da dare, kakarmu takan ce: "Yi shiru ko in kira Buzu ya sa ka cikin buhu." Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana ƙin wani. Daga irin wannan barazana muka tsinta, da hirar manya a gindin rediyo lokacin tawayen Buzaye a arewacin Nijar, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Duk mai baƙin rawani, a wurinmu, ɗan tawaye ne.

Da na tafi jami'a a Yamai, sai aka haɗa ni ɗaki da wani Buzu, yaron Agadas. Shi ya riƙa dafa mini shayi a ɗan kaskon gawayi lokacin da masassara ta kwantar da ni, kofi uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Wata rana yana dariya ya ce: "Ɗan'uwa, mu ma da sojan Bahaushe ake tsorata mu."

Yanzu matata ta san ban yarda a razana yaranmu da kowace ƙabila ba. Dodo dai, an bar mata shi.