Kafin ka yi mafarkin Landan, auna bangonka

Ƙannena na Nima da Mamobi, tun da Luke Littler ya ɗauki kofin duniya a Landan a Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, na ga da yawanku sun kamu da son dats, wasan jifan allo da 'yar kibiya. Ga inda mu muka yi tuntuɓe.

Mun rataya allo da kintace. Ƙa'ida ita ce tsakiyar allo ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, layin tsayuwa kuma mita 2.37 daga fuskar allon, ba daga bango ba. Hannu haddace awo yake yi. In ya saba da na ƙarya, ranar gasa kibiya sama ko ƙasa za ta riƙa sauka. Allon kuwa kada a jiƙa shi ko da hunturu ya busar da shi, kumbura zai yi. A dai riƙa juya shi don kada gidan 20 ya cinye.

Kibiya ta ƙarfen tangistin mai giram 22 zuwa 24 ta ishe ka. Siririya ce, uku suna shiga ɗan gurbin da ke ninka 20 sau uku. Kada ka canza ta don ka sha kaye.

Babban kuskurenmu shi ne kwaɗayin 180, wato makin kibiya uku a wannan gurbin. Mun yi shekaru muna jifan gida ɗaya, alhali daga 501 ake sauka, kuma ba a rufe wasa sai a zoben waje mai ninki biyu ko a ƙwayar tsakiyar allo. Nan ake ci, nan ake zubar da wasa. Saboda haka rabin lokacin atisaye ka ba zoben nan, daga 1 har 20, kana rubuta kibiya nawa kowane gida ya ci maka. Koyi barin maki 32, wato ninkin 16: in ka kuskure ka faɗa 16, saura 16, sai ninkin 8, sai na 4, hanya ba ta toshe ba. Wanda ya bar 38 ya faɗa 19 kuwa, sai ya ɓata kibiya guda wajen gyara lissafi. Ka haddace cewa 170 ce mafi girman rufewa, kuma 169, 168, 166, 165, 163, 162 da 159 ba sa rufuwa da kibiya uku. Wallahi takaici ne ka ga yaro mai hannu ya tsaya yana ƙirga da yatsu, zafin hannunsa yana hucewa.

Batun sana'a kuma, hukumar ƙwararrun 'yan dats ta PDC mutum 128 kaɗai ke riƙe da katinta na shiga gasanninta. Ana neman sa a gasar tantancewa duk Janairu a Ingila da Jamus, kuma na shekara biyu ne. Devon Petersen na Afirka ta Kudu ya riƙe shi, don haka ɗan Afirka na iyawa. Amma biza da jirgi da masauki duk daga aljihunka ne, don haka kada ka saki shago ko makaranta tukuna.